Ranar da Nama Ya Shiga Gidanmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Asibitin Mata da Yara da ke kula da unguwanninmu na kudancin Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka.

Sunana Idirisu, tela ne ni a unguwar Karantina. A garin nan aka haife ni. Mahaifina da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa, ya sauke farali, Allah bai nufe shi da komawa ba. Na rubuto da Hausa ne domin da ita nake iya faɗin abin da ke cikina ba tare da tuntuɓe ba. Limaminmu ya ɗauki nauyin juya maka ita da Larabci, ni kuma zan karanta ta a ƙofar masallaci bayan la'asar. A bainar jama'a abin ya same mu, don haka ban ga dalilin yin maganarsa a ɓoye ba.

Na ɗaya. Ni da matata Rakiya ba ma cin nama. Ina so a fahimce ni tun daga nan: ba mu haramta abin da Allah ya halatta ba. Kowace shekara muna layya, mu rabar da ita kaf ga maƙwabta. Ni dai ina saurayi na yi shekaru ina aikin Mina lokacin Hajji, cikin masu janye dabbobin da aka yanka aka bari a ƙasa. Wanda bai tsaya a wurin nan da tsakar rana ba, bayan naman ya kwana ya wuni, ba zai gane abin da nake nufi ba. A shekarata ta ƙarshe na kwanta ciwo har aka fid da rai. Da na tashi, ko ƙamshin suya ya bugi hancina sai cikina ya juya. Ita kuwa Rakiya tun tana yarinya in ta ci nama sai jikinta ya yi rudu-rudu, leɓɓanta su kumbura. Da aka ɗaura mana aure mutane suka yi ta raha, wai ƙwarya ta bi ƙwarya. Muka zauna lafiya da ful da adas, wato nau'o'in waken ƙasar nan, da wake irin namu, da tuwo miyar kuka, da nono da gyaɗa. Ba mu taɓa ganin mun rasa wani abu ba.

Na biyu. Bayan dogon jira Allah ya ba mu 'ya, muka sa mata suna Safiya. Ba ta cika shekara ɗaya da rabi ba wani cikin ya shiga, dole aka yaye ta. Rakiya ta riƙa ba ta kunu da shinkafa mai laushi da ɗan adas. Sannu a hankali yarinya ta fara ramewa. Tafin hannunta ya yi fari, tafiyar da ta fara ta daina, in an ajiye ta a tsakar gida sai ta riƙa ƙwaƙular ƙasa tana kaiwa baki. A cikin watan Rajab da ya wuce muka kawo ta asibitinku. Likita ya ja fatar idonta ya duba, ya ce jininta ya yi ƙasa, ya tambayi abin da take ci. Rakiya ta gaya masa gaskiya. Ya ce a ba ta nama, ya rubuta maganin sha, ya kira mai bi. Ban ga laifinsa ba, domin layin ranar har bakin titi ya kai.

Na uku, kuma nan ne kukana yake. Da Rakiya ta fito, sai ta tsaya wurin ma'aikaciyar jinya da ke bakin ƙofa ta yi mata tambaya. Wane irin nama za a ba yarinya? Yaya ake dafa shi ga wadda haƙoranta ba su gama fitowa ba? In kuma ta gaji jikin uwarta ta kumbura, me za a yi? Tambayar uwa ce wadda ba ta taɓa ɗora tukunyar nama a gidan aurenta ba.

Ina tsaye a gindin katanga inda maza ke jira, kuma da kunnena na ji amsar, domin ba a hankali aka ba da ita ba. Ma'aikaciyar ta ce mu Takaru, kamar yadda suke kiran 'yan asalin ƙasashenmu, rowa ce ke sa mu kashe 'ya'yanmu da yunwa. Ta tambayi Rakiya ko mu Musulmi ne ko masu bautar shanu, mata suka yi dariya. Ta ce in aka sake kawo yarinyar a wannan hali za ta kira askari, wato ɗan sanda, ya duba iƙamarmu, takardar izinin zama a ƙasa. Daga nan ta kaɗa hannu ta ce, "Yalla, halas," wato a tafi, magana ta ƙare. Rakiya ta fito da Safiya a kafaɗa, mayafinta ya jiƙe da hawaye, ba a amsa mata ko ɗaya daga tambayoyinta ba.

Ranka ya daɗe, takarduna a cike suke. Amma ka san abin da kalmar iƙama ke yi wa zuciyar mutumin unguwarmu, ko da a nan aka binne cibiyarsa.

Na huɗu. Washegari na naɗe hancina da rawani na shiga kasuwar mahauta, wurin da na yi shekaru ina kewayewa. Ban san abin da zan ce a ba ni ba. Na ce nama, aka yanko mini mai kitse da ƙashi. Rakiya ta aro tukunya a maƙwabta, ta dafa shi yadda ta ga ana dafa wa manya, da mai da yaji. Tun da an ce mana kashe yarinya muke yi, sai muka ga gara a cika mata ciki. Aka ba ta da safe, aka ba ta da yamma, abin da ya rage aka rufe ya kwana, a zafin Jidda, a gidan da ba firji. Aka sake ba ta.

Zawo da amai suka kama ta. Idanunta suka faɗa, kukan ma ya daina fita sosai. Asibitinku bai fi tafiyar ƙafa daga gidana ba, amma Rakiya ta ce ba za ta iya sake tsayawa gaban matar nan ba, ni ma na rasa ƙarfin tilasta mata. Muka yi ta jiƙe-jiƙe a gida. Sai da maƙwabcina Malam Sule ya shigo ya ga yarinyar, ya ce in ba mu tashi ba shi zai ɗauke ta da kansa, sannan muka taho.

Allah ya sa ranar wata ma'aikaciyar ce a ƙofa, dattijuwa mai gilashi, ban san sunanta ba. Ta karɓi Safiya ta kai wa likita ba tare da bin layi ba. Bayan an ba ta magani an tsare ta har ta fara karɓar ruwa, sai dattijuwar ta zaunar da Rakiya a benci ta yi mata bayani. Ta ce a bar nama tukuna, a riƙa ba ta ruwan shinkafa har cikin ya tsaya. In ta warware, a fara da romo wanda aka kwashe kitsensa, cokali guda, a jira a duba fatarta da leɓɓanta. In ba a ga komai ba, a dafa 'yar hanta ta nuna sosai, a daka ta, a gauraya cikin kunu ko adas ɗin da ta saba da shi. A sayi kaɗan kowace safiya, kada a bar shi ya kwana. In aka ga kumburi a kawo ta nan take, ko wane lokaci ne. Ta kuma ce wa Rakiya ba ta yi laifi ba da ta yi tambaya. Duk bayanin nan bai ɗauki lokacin da mutum zai sha finjalin shayi ba. Shi ne abin da muka nema tun ranar farko.

Na biyar. Alhamdu lillahi, Safiya ba ta gaji jikin uwarta ba. Yau tana tafiya, har tana zuwa ta ja mini zare a keken ɗinki. Kowace safiya ina zuwa kasuwa, kuma mahaucin da nake saye wurinsa yana hango ni sai ya yanko 'yar hanta ya naɗe kafin in iso, don ya rage mini tsayuwa. Rakiya ce ke dafawa, amma ba ta da halin ɗanɗanawa, saboda haka ni ne nake taɓa cokalin da harshe in ji zafi da gishiri. Ina rufe ido in yi. Har yanzu ni da ita ba ma ci, kuma ban ga alamar za mu fara ba. Amma abin da jikin yarinya ke buƙata haƙƙinta ne a kanmu, ba mu taɓa musun wannan ba. Hanyar ce ba mu sani ba.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kaɗan.

Ba na neman a kori ma'aikaciyar farko. Wataƙila tana da bakunan da take ciyarwa, kuma na san tsayuwa gaban jama'a tun safe tana gajiyar da mutum. A kira ta dai a gaya mata inda maganarta ta kai wata yarinya.

Ina roƙo a sa wadda za ta riƙa zama da iyaye mata tana nuna musu yadda ake ciyar da yaro lokacin yaye. Ba mu kaɗai ne ba mu sani ba. Akwai masu cin nama kullum da suke tura wa jariri abin da cikinsa ba zai ɗauka ba. In harshe ne matsala, a Karantina da Nuzla akwai matan da ke jin Hausa da Larabci kamar ruwa, kuma sun ce za su zo ba tare da an biya su ba.

Ina roƙo kuma a hana ambaton iƙama da askari a wurin da ake duba marasa lafiya. Wannan aikin wasu ne, suna da ofishinsu. Wanda ya shigo da yaro a hannu, yaron za a duba.

Wannan roƙo na ƙarshe yana da dalili na kusa. A bayan gidana akwai wata baiwar Allah da ta zo daga Sudan da mijinta, ba su daɗe ba, takardunsu ba su kammala ba. Tana cikin layi ranar da aka yi wa Rakiya tsawa, ta ji komai, ta saɓi ɗanta ta fice ba tare da ta ga likita ba. Har yau ba ta koma ba. Yaron nan tafin hannunsa fari fat, ya fara cin ƙasa. Rakiya ta daɗe tana lallashinta, sai jiya ta amince, da sharaɗin za mu raka ta. In Allah ya kai mu ranar Asabar da safe za mu zo tare, Rakiya ta shiga da ita, ni in tsaya a waje. Na ba ta tabbacin ba abin da zai same ta sai alheri. Na faɗi haka ne da sunanka, ranka ya daɗe, alhali ban taɓa ganin fuskarka ba. Ina roƙon kada ka bari in zama maƙaryaci a wurinta.

Allah ya saka maka da alheri, ya albarkaci zuriyarka, ya sa hannuwan ma'aikatanka su zama sanadin waraka ga 'ya'yan mutane. Allah ya saka wa dattijuwa mai gilashi da gidan Aljanna. Ita ma ɗayar, Allah ya sanyaya mata zuciya, ya yafe mana baki ɗaya.

Wassalam.

Naka mai girmama ka,
Idirisu Tela, mahaifin Safiya,
Karantina, Jidda.