Majros Ba Ta Yarda da Akwati Ba

Orsa, Satumba 1974

Ƙanwata Ragnhild,

Gaisuwa mai yawa, ke da wannan tulin gashin da muke gani a talabijin duk Asabar. Wai naki ne kuwa? Kuma wa ya raɗa miki Ragna Sol? Nan gida har gobe Ragnhild mai majina ce.

Ga damuwata. Tun rasuwar Mama babu mai kiran shanu. Ranar da muka sauko da su daga makiyayar rani, saniyarmu Majros mai ƙararrawa ta juya cikin daji, biyar suka bi ta. Na yi kira har muryata ta dushe, tsuntsaye kawai na kora. Muna jin ƙararrawar, da mun matsa sai ta ƙara nisa. Dusar ƙanƙara na tafe, in ta same su can shi ke nan.

Ke kaɗai Mama ta koya wa kiran. Yana nan a maƙogwaronki, ko waƙoƙin soyayya sun cinye shi?

Yayanki,
Halvar

Stockholm

Yayana Halvar,

Na gaishe ka. Gashin saye na yi, a kan gunkin katako yake kwana. Hankalinka ya kwanta?

Masu talabijin ba za su sake ni in zo ba, shirin kai tsaye ake yi. Amma na shiga banɗaki na gwada kiran, maƙwabciyata ta bugo ƙofa tana tambaya ko ta kira 'yan sanda. Tsoro nake ji, Halvar. Shekara ashirin ina raira abin da ake tafa wa, ban sani ba ko saniya za ta ɗaga kai.

Wai Majros ɗin jikar wadda ta taɓa harbina ce? Ranar Asabar ka kai talabijin bakin daji, ka ƙure murya. Mai shirya shirin bai san komai ba.

Taka,
Ragnhild

Orsa

Ƙanwata,

Gaisuwa. Ni da maƙwabcinmu Olle muka ja wayar lantarki daga rumbunsa zuwa bakin daji. Yana ta mita: "Halvar, ka zare! Shanu za ka nuna wa rawa? Ka kawo musu kofi mana!"

Sai ga ki kin ɗaga wa makaɗa hannu sun yi tsit, kin ture abin magana, kin saki kiran. Olle ya cire hula. Me mutanen zauren suka ce? Wani mai ƙaton ciki a layin gaba na ga ya toshe kunne.

Can sai ƙararrawa. Biyar suka wuce garke kamar ba su yi komai ba. Majros kuwa ta zo ta sansana akwatin, ta zagaya bayansa tana neman Mama, don muryarki sak tata. Da ba ta ga kowa ba, ta juya daji abinta. Ban ga laifinta ba, ni ma sai da na leƙa bayan akwatin, kuma na yi kuka.

Yau da safe ruwan kwamin shanu ya daskare.

Halvar

Stockholm

Yaya,

Mai shirin ya daina yi mini magana, ya ji da shi. Ka tare ni a jirgin ƙasa na Laraba, ka fito mini da takalman dajin Mama. Gashin zai zauna ya yi musu shirin Asabar.

Ragnhild