Dunduniyar Takalmina na Hagu

Ɗana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka, tare da addu'ar Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara baki ɗaya. Allah Ya tsare ku a inda kuke, Ya sa albarka a nemanku. Mu nan sai godiya. Jiki dai ya ƙi, kwana uku na yi ina wannan rubutu, ka yi haƙuri da karkacewar layi. Ƙanwarka Auta tana zuwa Talata da Asabar ta yi mini shara da wanki, sauran ranaku kuwa daga ni sai rediyo da kujerar bakin taga. Maƙwabcina tela ya rasu watan jiya, yanzu babu mai ƙwanƙwasa mini ƙofa da hantsi.

Maganar 'yarka ce ta sa na ɗauki alƙalami, wato Takwara, mai sunan marigayiya mahaifiyarka. Da ta zo mini hutu, tun kafin ta zauna ta ɗauki takalmana a bakin ƙofa ta kifa su, ta ce dunduniyar na hagu gefe ɗaya kawai take cinyewa. Ta sa na miƙe a kan gado, ta auna ni da tef ɗin tela, ta ce ƙafar hagu ta gaza ta dama da faɗin yatsa. Shekara ashirin ina kai ciwon ƙugu asibiti ana ba ni ƙwayoyi, ba wanda ya taɓa duban takalmina. Ta tafi wurin mai gyaran takalmi na bakin kwana, ta zauna kusa da shi ta yanka fata hawa uku, ta goge, ta liƙa a dunduniyar takalmina na hagu. Sai ta sa ni tafiya daga ƙofa zuwa taga ya fi sau goma, tana durƙushe tana kallon sawuna. Na tsokane ta na ce ashe amaryata ta iya ladabi, ta ce ita ba ta auren tsohon da ke tafiya kamar kwale-kwale. Yau wata biyu ina zuwa bakin titi ban tsaya hutawa ba.

Ranar da za ta koma ta faɗa mini ta sami gurbi a makarantar koyon haɗa ƙafar roba da takalman masu lalurar ƙafa, amma sai uba ya sa hannu a takardar kafin ƙarshen wannan wata. Ta ce ka ƙi, ka ce ba ka ba ta ilimi don ta ƙare a gyaran takalmi ba, kuma ka riga ka nema mata kujera a ofishinku. Ba ita ta ce in rubuto maka ba. Roƙona ma ta yi kada in sa baki.

Ka tuna mai gyaran agogon layinmu? Kana shekara goma sha huɗu ya tako har gida ya ce mini bai taɓa ganin hannu irin naka ba, in bar ka ka koyi sana'ar a wurinsa. Ni kuwa a lokacin, da takardar shaidar karatuna da alƙalami a aljihun gaba, na ce ɗana ba zai zauna bakin hanya da gilashi a ido ɗaya ba. Na kwashe 'yan kayan aikinka na kulle a akwati. Na ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ban tsaya na duba ko tanƙwarawa nake ko karyawa ba. Ka bi umarnina, ka yi shekara talatin a ofis, ka sami girma, na yi alfahari. Amma ban taɓa jin ka ambaci aikin nan ba sai in kana faɗin shekarun da suka rage maka ka bar shi. Mahaifiyarka ta ce mini na zalunce ka, na ce mata ba ta san duniya ba. Ashe ta fi ni sani.

Ban ce aikin da Takwara ke so zai ba ta daula ba, wahalarsa ma da yawa. Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ba umarni nake ba ka ba, na yi umarni sau ɗaya kuma na ga abin da ya haifar. Gafararka nake nema tun ina da sauran numfashi. In ka yafe mini, ba sai ka rubuto ka faɗa mini ba. Ka sa mata hannu, zan gane.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, da Takwara, da Dogo da su 'Yan Biyu. Auta da mijinta suna gaishe ku. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa in ji labari kafin wata ya ƙare.

Ni ne,
Mahaifinka.