Magini ya ajiye aiki, wai duniya ta kusa tashi

Inna Balkisa, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Na san ke Musulma ce, ni kuwa Kirista, amma na daɗe ina karanta filin nan naki, ban taɓa ganin kin kori kowa ba. Kada ki sa sunana.

Muna zaune a wani ƙauye ta wajen Kalfu, mu kaɗai ne gidan Kirista a garin. Maigidana maginin rumbu ne, irin manyan rumbunan ƙasan nan masu ciki kamar tulu, waɗanda mu nan muke ce wa ruhewa. Gado ya yi wurin mahaifinsa, kuma ba don mijina ne ba, hannunsa yana da kyau. Da wuya ki shiga gida a garin nan ba ki ga aikinsa ba. Lokacin da muka zo da goyon fari, ba mu san kowa ba, wani dattijo, bari in kira shi Baba Almustafa, shi ya yanka mana fili a jikin gidansa. Matarsa Habsatu ita ta zauna mini duk haihuwar da na yi bayan nan. Da Layya su aiko mana nama, da Nowel, wato Kirsimeti, mu aika musu shinkafa. Haka muke shekara da shekaru, ko kallon banza bai taɓa haɗa mu ba.

To kin san yadda daminar bana ta kasance. Ƙorama ta cika ta fasa ta tsakiyar gari, rumbuna da yawa suka jiƙe suka zube, har da babban na Baba Almustafa. Mun gode Allah ba a rasa rai ba. Namu yana kan tudu, ko tsagewa bai yi ba.

Tun daga nan maigida ya canza. Yana da ƙane a Abijan da ke turo masa wa'azin ƙarshen zamani ta salula, wato wayar hannu, zancen hatimai da ƙahoni da tasoshin fushin Allah da ke cikin littafin Wahayi. Da can yakan saurara ya wuce. Yanzu kuwa komai alama ne. Ambaliya alama, tsadar hatsi alama, masu bindiga da ake jin labarinsu a hanyoyin arewa alama. Ran nan akuyarmu ta haifi uku, na ƙi faɗa masa da wuri don kada ita ma ta shiga lissafi.

Duk da haka da ruwa ya ɗauke ya fara gina wa Baba Almustafa sabon rumbu. An jera duwatsu, an kwaɓa ƙasa, gini ya kai ƙugu. Sai wata safiya a karatunsa na littafinmu mai tsarki ya kai ga misalin attajirin nan da gonarsa ta yi albarka, ya rushe rumbunansa don ya gina manya, Allah ya ce da shi wawa, ya karɓi ransa. Ya rufe littafin. Daga baya ya ce mini shi duk tsawon ransa abin da yake yi ke nan, gina wa mutane wurin tara abin da wuta za ta ci, alhali Ubangiji yana bakin ƙofa. Ya wanke hannunsa, bai koma kan ginin ba har yau.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin, Idi, babban ɗan Baba Almustafa, ya zo cikin ladabi ya tambaya ko lafiya. Maigida ya amsa masa cewa abin da hannun Allah ya rushe, shi ba zai tayar ba. Na san duniya gaba ɗaya yake nufi. Amma ki duba, rumbunsu ya faɗi, namu yana tsaye, kuma Kirista ne ya faɗi haka. Kafin la'asar magana ta zaga gari cewa mun ce zunubinsu ne ya ja musu. Yanzu in na isa rijiya hira takan mutu.

Baba Almustafa kuwa bai canza mana fuska ba. Kullum sai ya leƙo ya gaishe mu ya tambayi yara. 'Ya'yansa sun matsa a ɗauko magini daga Bambeye, ya hana, ya ce maƙwabcinsa ne ya fara, shi zai ƙarasa. Ga hatsinsa an yanke, dammuna jibge a ƙasa bayan gida, gara ta ƙasa, awaki ta gefe, ɓeraye ba a magana. Cin shekarar gidan ke nan, gidan kuwa cike yake da jikoki. Duk sanda na wuce na ga tarin nan sai in ji kunya kamar in nutse.

Kada ki ɗauka mijina ya taɓu. Ya ma fi da can sanyin hali, ya fi yawan addu'a, ya daina yi wa yara tsawa. Ni ma na gaskata Almasihu zai dawo, a kan haka aka yi mini baftisma. Sau ɗaya na kasa haƙuri na ce masa ai tuwon da yake ci daga rumbu ake ɗebo hatsinsa, ban ga ya ƙi ci ba. Ya yi mini shiru na kwanaki, na yi da-na-sani. Fastonmu a Tawa yake, sai jifa-jifa yake zuwa, kuma ina jin nauyin kai masa maganar, kada ya zama na tona asirin mijina.

Inna, in na matsa masa ya koma aiki, da Allah nake ja? In na yi shiru hatsin bawan Allah nan ya lalace, da wane ido zan kalli Habsatu? Ki yi mini magana kamar 'yarki.

Matar magini, daga wajen Kalfu

*

'Yata, sannu da haƙuri. Kin yi daidai da kika yi magana tun hatsin yana hatsi.

Littafinku ba nawa ba ne, don haka ban yarda in yi miki fassara da ka ba. Na ɗauki wasiƙarki, ban faɗi ko ta wace ce ba, na je wurin wata ƙawata Kirista a nan Tawa, tsohuwar ungozoma da ta tsufa tana koyar da mata a majami'arsu. Ta ce in gaya miki abu uku. Attajirin nan ba don ya gina rumbu aka ce masa wawa ba, don ya tara wa cikinsa shi kaɗai ne, bai tuna da Allah ba, bai tuna da kowa ba. Ta tambaya ko haka Baba Almustafa yake. Ta ce kuma an taɓa kawo wa Almasihu labarin mutanen da masifa ta auka wa, ya hana a ce sun fi sauran jama'a zunubi. Ranar ƙarshe kuwa, ya faɗa ƙarara ba wanda ya san ta, kuma bawan da aka yaba shi ne wanda maigidansa ya dawo ya tarar yana kan aikinsa. Ni nawa ƙari ɗaya ne, wanda mu da ku duk muka sani: da aka nuna wa Annabi Yusufu yunwa tana tafe, rumbuna ya sa aka cika.

Amma kada ki ɗauki waɗannan ki je ki jefe shi da su kamar yadda kika yi da zancen tuwo. Gaskiya kika faɗa, sai dai kin faɗe ta don ki yi nasara. Mijinki mutum ne mai tsoron Allah, kuma ba laifi ba ne mutum ya ga ruwa ya ci gari ya tuna da hisabi. Sannan ki lura da abin da kika rubuta da kanki. Rumbunan da suka zube, yawancinsu shi ya gina su. Mutumin da aka san shi da kyan hannu ya wayi gari ya ga aikin shekaru ya koma taɓo, hatsin mutane a ciki. Ina zaton ya fi masa sauƙi ya ce hukunci ne daga sama da ya sake ɗora ƙasa yana tsoron ta sake faɗuwa. Akwai wanda ya taɓa ce masa ba laifin hannunsa ba ne? Ki fara da wannan, ku biyu kaɗai, ba gaban yara ba.

Zancen fasto, ki cire wannan nauyin daga ranki. Kai ƙara daban, neman malami daban. Ki gaya wa mijinki cewa ayoyin nan sun tsorata ki ke ma, wanda kuwa gaskiya ne, kina so ku je Tawa tare a karanta muku su daga farko har ƙarshe. Mai wa'azin salula bai san garinku ba, ba a tare shi da tambaya, kuma ba shi zai kwana jikin katangar Baba Almustafa ba.

Maganar da ya gaya wa Idi kuwa, wannan dole a gyara ta, ko ya koma gini ko bai koma ba. Niyyarsa daban, abin da ya shiga kunnen mutane daban. Ya taka da ƙafarsa ya je ya ba dattijon nan haƙuri. Ke ma kada ki jira shi, ki shiga wurin Habsatu yau, ki faɗa mata abin da ke damun gidanku. Matar da ta riƙe ki a kan gwiwa ba za ta kasa riƙe wannan ba. Ki tara yaranki ku taya su ɗaga dammunan nan kan itace da duwatsu, a kewaye su da ƙaya. Wannan bai buƙaci fassarar kowa ba.

Ga kuma mai ɗacin. Ki ba mijinki 'yan kwanaki, ba makonni ba. In har zuciyarsa ta ƙi, ba a tilasta wa mutum a kan imaninsa, amma sai ya faɗa wa Baba Almustafa da bakinsa cewa ya sake shi, ya nemi wani maginin. Tsohon nan kara yake yi muku, kuma da abincin jikokinsa yake yin ta. Ba daidai ba ne ku bar shi ya ci gaba.

Ban san ranar da duniya za ta tashi ba, 'yata, mijinki ma bai sani ba. Abin da na sani, in ta kai baɗi, yaran gidan nan za su nemi fura. In kuwa ba ta kai ba, ban ga abin kunya ba a ce Ubangiji ya tarar da mutum da laka har gwiwar hannu yana rufa wa maƙwabcinsa asiri.

Allah ya sanyaya zuciyar maigidanki, ya tsare hatsin Baba Almustafa, ya bar ku tare cikin mutunci.

Inna Balkisa