Baƙin da Na Shafa a Kaina

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya raba ki da ciwon bayan nan da tsayuwar aiki ta jawo miki. Mu ma muna nan lafiya. Maman yara ta warke daga mura, babbar 'yarki ta gama jarrabawa, ni kuma ina shago ina ta taka keken ɗinki. Maganar Inna ce ta sa na ɗauki biro, domin abin da zan faɗa miki ya fi ƙarfin bakina a waya.

Ranar da kika kira kika ji muryarta ta yi ƙasa, kin tambaye ni abin da ya faru, na ce miki ciwon mantuwar ne ya ƙaru haka kawai. Ina jin kina kuka na yi shiru na bar ki. Yaya, ƙarya na yi miki. Ciwon bai ƙaru da kansa ba, ni na jawo.

Kin san furfura ta kama ni tun ban kai talatin ba, gadon Baba. Ban taɓa damuwa da ita ba sai kwanakin baya a cikin bas, da wani ya miƙe ya ba ni kujera yana ce mini Baba. Da na dube shi da kyau, ashe Dogo ne, wanda muka yi aji ɗaya a firamare, ya ma girme ni da shekara guda. Kansa baƙi wuluk, har ƙyalli yake yi. Da ya gane ni sai ya yi ta dariya har da riƙe ciki, sannan ya raɗa mini cewa nasa kan ma fari ne fat, dayis, wato rinin gashi, ne ya rufa masa asiri. Na taya shi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Kafin in isa gida na ratsa shagon kayan kwalliya na sayi kwali ɗaya na baƙin rinin, na ce wa mai shagon aiko ni aka yi.

Ran Asabar da safe na jira Maman yara ta tafi kasuwa, na shige banɗaki na sa sakata kamar ɓarawo. Kwalabe biyu ne a kwalin, da safar hannu ta leda wadda ta ƙi shiga hannuna, na jefar da ita. Na haɗa abin da ke cikin kwalaben a murfin gwangwani, na dinga shafawa da tsohon buroshin haƙori. Takardar da ke cikin kwalin ta ce minti ashirin, ni mai wayo na bar shi arba'in don ya kama da kyau. Ya kuwa kama, har da kunnuwa da goshi da farata, tawul ma ya tashi daga aiki. Amma da na goge madubi na kalli kaina, wallahi daɗi na ji. Na juya hagu na juya dama ina murmushi ni kaɗai, ko sau ɗaya Inna ba ta faɗo mini a rai ba.

Daga nan na haɗa mata shayi na ɗauki maganin hawan jininta kamar kullum. Kin san tun da yanar ido ta kama ta ba ta ganin fuska, kuma muryata ba ta zama a kanta. Abin da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun nan, farin kan nan take hangowa daga bakin ƙofa ta san Autanta ne. Ina shiga ta ja mayafinta ta matsa jikin bango. Ta tambaye ni wa nake nema. Na yi dariya na ce ni ne, na durƙusa na ɗora hannunta a kaina kamar yadda take so. Ta fizge hannun, ta ce ɗanta mai farin kai ne, in fita kafin ya dawo ya same ni. Shayin nan a wurin ya huce.

Da Maman yara ta dawo ta ga kaina, ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ajiye kaya kawai ta yi ta shiga wurin Inna. Shekara uku ke nan Inna ba ta karɓar magani a hannun kowa sai nawa. Yanzu sai an yi ta lallashi take karɓa a hannun surukarta, wata rana ta haɗiye, wata rana mu tsince shi a ƙarƙashin matashi. Abinci ma loma uku ta ture. Abin da kika ji a muryarta ke nan.

Na wanke kan nan da sabulun wanki har fata ta yi zafi, bai ko dushe ba. Rana ta huɗu na je wanzami ya aske shi ƙwal. Inna kuwa mai ƙwalƙwalin kai ma ba ta san shi ba. Wanzami ya ce nan da mako uku farin zai fito sosai. Na kai ta asibiti na gaya wa likita gaskiya kaina a ƙasa. Bai ɓoye mini ba, ya ce mai irin wannan ciwo idan abu ya kuɓuce masa, wani lokaci yana dawowa, wani lokaci kuma shi ke nan. Kullum da safe ina shafa kaina ina duba madubi, yau kwana tara.

Ta daina korata yanzu. Tana ce mini bawan Allah, tana gode mini idan na gyara mata shimfiɗa. Jiya ta riƙe bakin rigata ta ce tun da ni mai yawo ne, idan na haɗu da Autanta in gaya masa ba ta yi fushi ba, ko me ya yi ya dawo gida. Na ce mata to, zan gaya masa.

Ki yafe mini ƙaryar da na yi miki da hawayen da na sa kika zubar. Ki gaida maigidanki, da 'yan biyu, da Ƙaramar Inna mai surutu. Maman yara da yara duk suna gaishe ku. Abu ɗaya nake roƙo. Ke har yanzu tana gane ki a waya, kuma tana yarda da maganarki. Ki kira ta, idan ta tambaye ki inda nake, ki ce mata ina hanya, ta sha maganinta ta jira ni.

Ƙaninki,
Auta