Yaya Sale, Na Bi Talotalo Na Bar Barewa

Zuwa ga yayana Malam Sale, a Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga yayansa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin sauƙi, kai da Anti Rabi da yara. Yaya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara afuwa, ya sa kaffara ne.

Na kawo maganar nan bainar jama'a ne don na san halina. Saƙon murya nawa na yi maka na goge kafin ya tafi. A kan gonar Dattijo ne, Baturen manomin nan na arewacin jihar Maryland da ya ba ka izinin farauta a dajinsa. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta mayar da kai gida, ba mu taɓa yin waya ba ka tambaye ni ita ba. Da bakinka ka gaya mini cewa don ka sake farauta a gonar nan kake jure azabar mai gashi, likitan nan mai motsa maka gaɓɓai. Ni kuwa kullum amsata ɗaya, lafiya lau. Yaya, ba lafiya ba.

Kai ka san wuyar da ka sha kafin ka same ta. Sharaɗin Dattijo ɗaya ne tak: bareyi sun addabi waken suyarsa, a riƙa rage masa su duk shekara. Ka riƙe alkawarin nan shekara da shekaru. Da ka ɗauko ni daga garin Laurel ina sabon zuwa, ina aikin sito, ka ce masa ni ƙaninka ne, bai ƙara tambayar komai ba.

Ban taɓa son farautar barewa ba, kuma na san ka sani. A tashi mutum da asuba a ƙarshen Nuwamba, a ɗora shi kan kujerar ƙarfe a saman bishiya, a ce kar ya yi tari, kar ya sosa ƙeya. Sanyi ya ratsa takalmi ya kama yatsu. Kana nan kamar gunki sai iska ta juya, barewar ta shaƙi warinka daga can nesa, ta ɗaga farar jela ta ƙara gaba. In kuma Allah ya ba ka sa'a, to a lokacin aikin ya fara: ga yanka, ga feɗewa, ga jan ta cikin taɓo har bakin mota. Ni ina haki ina ƙunƙuni, kai kana tafe kana rabon nama da baki, cinya ta gidan wane a Silver Spring, haƙarƙari na matar nan da mijinta ya rasu. Kakan ce, "Farautar barewa zama ce, wanda ya fi haƙuri shi ke cin nama."

Sai na ɗanɗana farautar talotalon daji a watan Afrilu, lokacin da itatuwa ke toho, shi ke nan na lalace. Ka jingina da gindin bishiya, ka goga ɗan akwatin katakon nan ya yi kukan mace, sai namijin ya amsa daga tsakiyar daji har ka ji a ƙirjinka. Ka kira, ya amsa. Ka yi shiru, ya ƙagu ya matso.

Kuma wallahi ya fi barewa wuyar samu. Shi ba ruwansa da wari, amma idonsa bala'i ne, ko gwiwa ka motsa ya gan ka. Zai zo dab da kai, ya baje jela kamar mafici, ya tsaya bayan kututture yana ƙasaita yana jiran macen ta zo masa. In bai gan ta ba ya juya abinsa. Sau nawa na dawo hannu rabbana, da kaska a ƙauri, ina dariya ni kaɗai a mota. In ma na samu, naman tukunya ɗaya ne, ba ya isa a kai wa kowa.

Kai dai ba ka taɓa ɗaukar abin da daraja ba, hira da kaza kake ce masa. Ranar da ka hango ni ina jan ciki a ciyawa, ka riƙe baki ka ce, "An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni ga nawa ɗan yana rarrafe a bayan tsuntsu." Amma kai ka roƙar mini Dattijo ya bar ni in riƙa shiga a Afrilun.

Tun tafiyarka, Afrilu ba na fashi, har hutu nake ɗauka a wurin aiki. Nuwamba na zuwa sai uzuri ya yi ta haihuwa: yau an ƙara mana aiki a sito, gobe mura, jibi mota. Bara na je, na hau kujerarka, rana ba ta gama ɗagawa ba na sauko na tafi neman shayi. Dattijo bai taɓa ce mini uffan ba, in ya gan ni yakan ɗaga mini hannu daga kan tarakta. Ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin yarda, don haka ya fi mini sauƙi.

Makon jiya ya kira ni. Ya zagaya da ni gefen gonar da ke jikin daji, ya nuna mini waken, bareyi sun aske shi tas kamar an bi da almakashi. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce daga bana ya ba wasu 'yan ƙungiyar farauta wurin, in kwance kujerarka in tafi da ita. Ya tambayi jikinka, ya ce in gaya maka ba da kai yake ba. An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni na ci ladan, na gudu da askar.

Ga abin da ya fi ba ni kunya. Ina saman tsani ina kwance kujerar, sai garken talotalo ya ratsa bakin gonar. Wallahi Yaya, zuciyata sai da ta yi tsalle. Ko a ranar.

Na yi maka asara, na kuma ɓoye maka, ba ni da bakin kare kaina. Zan nemi wata gonar, ban sani ba ko zan samu. Amma ba rashin gonar ne ke hana ni sukuni ba, tsoro nake ka karanta wannan ka ce to wahalar ta mece ce, ka kwanta. Ka zage ni son ranka, ka daina ɗaukar wayata in ka ga dama, na cancanta. Ƙafar nan taka ce, da ta Anti Rabi, da ta yaran da ke jiran ka kai su masallaci da kanka. Gobe da safe mai gashi zai zo. Don girman Allah, ka ce a buɗe masa ƙofa.

Allah ya tashi kafaɗunka, ya mayar maka da ƙarfin da ya fi na da. Allah ya sanyaya zuciyarka a kaina, ya ba ni rabin haƙurinka.

Ƙaninka mai laifi,
Habibu