Dawar Kasuwa Na Zuba Musu a Gora

Anti Nafisat, don Allah ki taimake ni, maganar nan ta fi ƙarfina kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Kada ki buga sunana, a Mubi kowa ya san kowa.

A unguwar Yelwa nake zaune, mijina tela ne, yaranmu huɗu. Ina da 'yar gona a Muchalla da na gada wajen mahaifiyata, tana iyaka da ta wani dattijo, Baba Vandi, da matarsa Mama Margret. Su Kirista ne, mu Musulmi, amma shekara goma sha ɗaya ko kallon banza bai taɓa shiga tsakaninmu ba. Ita ta koya mini jera duwatsu a gangare don kada ruwa ya kwashe ƙasa, ita ta hana ni ƙona kara bayan girbi.

Suna da wata jar dawa da suka gada tun kakanni. Wata uku take nuna, ba ruwanta da takin zamani, kashin awaki ya ishe ta, kuma a wannan gona tasu mai tsakuwa ita kaɗai ke yi. Duk shekara Mama Margret takan zaɓi zangarniya masu kyau, ta sussuke, ta cuɗa da toka saboda ƙwari, ta zuba a gora ta toshe.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi, ƙarshen Oktoban 2014, Muchalla muka fara gudu da yara. Can muka samu motar kaya mai fita da mutane. Baba Vandi ya ƙi shiga, ya ce ta kan duwatsu za su bi zuwa wajen danginsu a Kamaru, ga shi ƙafarsa a kumbure, dole matarsa ta tallafe shi. Sai ta miƙo mini goran iri ta saman mota, ta ce in riƙe mata har mu haɗu. Na ce mata to.

Mun yada zango a Belel, gidan gwaggona, mu ashirin da uku a gida ɗaya. Wata biyu goran na ƙarƙashin kayana ban taɓa shi ba, wallahi. Sai abinci ya ƙare ƙaf, autata Khaulat ta kwanta da gudawa, ko kuka ba ta iya yi. Na buɗe goran, na wanke tokar, na niƙa. Kunun kwana huɗu ya yi mana. Ban yi shawara da kowa ba, a raina na ce wa ya san ma ko suna raye.

Suna raye. Watan jiya suka dawo, bayan shekara da rabi, suka tarar an ƙone rumbunsu, ko ƙwaya ɗaya babu. Maimakon in je in faɗi gaskiya, sai na shiga kasuwa na sayi jar dawa mudu biyu, na cuɗa da toka, na zuba a goran nan na kai mata. Ta rungume ni tana kuka. Yanzu duk Muchalla an ji, har a cocinsu ta tashi ta ba da labarin Musulmar da ta riƙe mata iri cikin gudun hijira. Mata na tare ni a hanya suna sa mini albarka, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na koma wajen mai hatsin na tambaye shi, ya ce daga kudu aka kawo ta, wata biyar ko shida take yi, kuma sai ƙasa mai laka. Mijina ya ce in ja bakina in yi shiru, dawa dawa ce. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba. Ya ce garin nan da kyar mutane suka fara gaisawa, in na tona, ba ni kaɗai za a zaga ba, cewa za a yi haka mu Musulmi muke dukkanmu.

Anti, hadari ya fara haɗuwa. Baba Vandi ya haura saba'in, shi kaɗai ya share gonar, ga jikoki uku da aka bar musu. In na faɗa, na kunyata matar da ta yabe ni a gaban mutane, kuma ba ni da irin da zan mayar. In na yi shiru, za su shuka abin da ba zai nuna ba. Na rasa ta inda zan ɓullo, abinci ma ba ya shiga.

Maƙwabciya mai kunya, Yelwa, Mubi

Amsa:

'Yar'uwa, share hawayenki ki saurare ni, domin lokaci ya ƙure.

Abu biyu kika yi, kada ki haɗa su. Kunun da kika dama a Belel ban ga laifinki a kai ba, kuma ina kyautata zaton Mama Margret, mai riƙon jikoki uku, da ita ce a wurin haka za ta yi. Laifin yana wajen dawar kasuwa. Shi kuwa har yanzu yana gyaruwa, tun da ƙwayar ba ta shiga ƙasa ba.

Maganar maigidanki ba shirme ba ce. Ya san garin, ya san yadda magana ke girma a bakin mutane a irin wannan lokaci. Sai dai bai yi lissafin Satumba ba. Ran da dawar ta tsaya kore shar babu kai alhali ruwa ya ɗauke, Baba Vandi zai gane da kallo ɗaya, kuma abin da mijinki ke gudu zai zo a lokacin da babu sauran gyara.

Ki je gobe, kada ki jira jibi. Ki tafi da maigidan in zai yarda, in ya ƙi ki tafi ke kaɗai. Ki keɓe da Mama Margret a ɗakinta, ki faɗa mata daga farko har ƙarshe kamar yadda kika rubuto mini, ba tare da kare kai ba. Ko za a sanar da mutane ko a'a, ki bar mata wannan, ita ta yi yabon.

Sannan ku shiga neman iri. Irin gado da wuya ya tsaya a gida ɗaya. Ki tambaye ta 'ya'yanta mata da ƙannen mijinta da suka yi aure a wasu ƙauyuka, da dangin da suka sauka wajensu a Kamaru, da duk wanda ta taɓa ɗibar wa. Ke ce mai ƙafa, ke za ki hau babur ki bi su gida-gida. Ko cikin tafi ɗaya kika samo, a shuka shi a gefe a killace don iri na baɗi. Sauran gonar a sa wake da gyaɗa da wata dawa mai saurin nuna wadda manoman Muchalla suka sani. In abin bai kai ba, ki raba amfanin gonarki biyu da su bana, ki faɗa musu haka tun yanzu. Dawar kasuwar kuma a wanke ta a yi tuwo.

Ba zan yi miki alkawarin za ta yafe nan take ba. Tana iya ɗauke miki kai wata guda ko shekara, ki bar ta ta yi, haƙƙinta ne. Fushinta ke kaɗai zai sama, kuma za ki iya ɗauka. Shirunki kuwa yara uku ne za su kwana da shi a ciki.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya tata, ya ba ku damina mai albarka ku duka.

Anti Nafisat