Abin da Na Gani a Ɗigon Ruwa

Leiden, 1681

Elske 'yata,

Ina gaishe ki. Ya jikin jaririnki Harmen? Ki yi haƙuri da rubutuna, da furfura na koya. Ni lafiya, ɗan ciwon ciki ne kawai.

Maigidan da nake wa aiki yana haɗa gilashi mai ƙara girman abu. Jiya ya ce, "Tsohuwa, leƙa ki gaida baƙinmu." Ɗigon ruwan sama ne daga gangarmu, cike da ƙananan halittu suna iyo. Shi dariya yake yi, wai zafi na kashe su.

Da irin ruwan nan na jiƙa wa ƙannenki biyu burodi, kin san inda suke kwance. Ki tafasa ruwan Harmen, ko da surukarki ta ce na haukace.

Allah ya raya shi. Ki amsa da wuri.

Mahaifiyarki,
Gesa